Malam Junaidu da Ƙarfen da ya Shiga Runjin Sambo

Wanda ya ba mu aron Malam Junaidu Tambari ya karɓi abinsa. Ya rasu ranar Talata, 14 ga Maris, 1978, bayan jinyar da ba ta daɗe ba. An yi masa sutura a gidan mahaifinsa da ke cikin tsohon garin Sakkwato, aka kai shi makwancinsa kafin la'asar. Inda ya tafi, can dukkanmu muka nufa.

Malam, tun muna maƙabarta na ji ana raɗa cewa ƙarfen nan na Runjin Sambo ne ya ci ka. Da kana raye da ka sa ni na gyara zancen nan take, don haka zan gyara. Sanƙarau ne ya kwantar da kai, irin wanda ke zuwa da zafin bazara, kuma likitocin da suka duba ka sun tabbatar da haka. Amma tunda mutane sun riƙe labarin ƙarfen, kowa yana ba da shi yadda ya ga dama, ni Abdulwahabu, ɗalibinka da ke tsaye kusa da kai a ranar, ya zama dole in faɗi abin da idona ya gani. Wanda ya ji shi zai san ko wane ne muka rasa.

Ga wanda bai san ka ba: ɗan gidan malamai ne kai, ka sauke Alƙur'ani kafin ka shiga boko, daga nan karatun kimiyya ya kai ka Ingila. A can ka yi shekaru kana aiki a tashar lantarki ta nukiliya, cikin masu binciken da ke auna ko tururin da tashar ke fitarwa zai cutar da ma'aikata da mutanen gari. Da kuɗin mai suka ɓarke a ƙasar nan, gwamnati ta soma zancen wata rana mu ma za mu gina irin wannan tasha, sai aka kira ka gida ka horar da waɗanda za su zama masu sa ido a kanta. Ka roƙa a bar ka ka fara ajin farko a Sakkwato, kusa da tsohuwarka. Aka ba ka ɗakuna biyu, da na'urorin awo 'yan kaɗan, da mu.

Dariya aka yi mana sosai. Ana cewa ga masu gadin tashar da ba a ko haƙa harsashinta ba, a garin da wutar lantarki ke ɗaukewa ana tsakiyar cin tuwo. Har cikin danginka akwai masu ganin ka ɓata karatunka, ga sa'o'inka can Legas suna rabon kwangila. Na taɓa kawo maka ƙorafin haka, ka saurare ni har na gama, sannan ka ce mai bincike dole ya riga tasha zuwa. Idan tasha ta riga shi, yaronta zai zama, abin da ta ce ya gani shi zai gani.

Ajinka ba wurin hutu ba ne. Ranar farko ka gaya mana kalmar tururi ma aro ce kawai, domin wannan abu ba a ganinsa, ba shi da wari, ba a jin zafinsa sai ya gama ɓarna. Abu uku ka kafa mana a ka: ka nisanci abin, kada ka daɗe kusa da shi, ka sa shamaki tsakaninku. Kakan ɓoye ɗan ƙaramin abin gwaji mai raunin tururi a cikin aji, ka ba mu na'ura mu nemo shi, kana zaune kana kallonmu. Wanda duk ya ce maka “ina ganin babu haɗari”, sai ka mayar da shi ya sake, sai ya iya cewa “na auna”. Ka kai mu ɗakunan hoton ƙashi, ka sa mu auna bayan bango inda majinyata ke zama jiran layi. Ka shimfiɗa mana taswirar tashar da ka yi aiki a cikinta, ka nuna bututu ɗaya ka ce, ga shi ya tsage, shugaban tasha ya ce a ci gaba da aiki, me za ka ce masa? Kai kake zama shugaban, ka yi mana tsawa, ka yi mana barazanar kora, don ka ga wanda muryarsa za ta karye. Mun ɗauka wasa ne ya yi yawa.

Mace ɗaya ce a cikinmu, Sadiyatu, wadda ta fi mu duka lissafi. Mahaifinta ya so ya cire ta da ya ji irin aikin. Kai da kanka ka je zaurensa, ka zauna a ƙasa kamar ɗalibi, ba ka ɓoye masa haɗarin ba ko kaɗan, ka kuma ce masa akwai ranar da za a buƙaci mai awon da za ta iya shiga inda namiji ba ya shiga. Ya bar ta.

A bazarar bara ne abin ya faru. Muna aji da hantsi wani likita ya aiko a kira ka, ka ce ni da Sadiyatu mu ɗauko na'urori mu biyo ka. A gadon asibiti muka tarar da wani maƙeri mai suna Illo, mutumin unguwar Runjin Sambo, yatsunsa sun kumbura sun yi ruwa, cinyarsa ta dama da wani gyambo zagayayye. Ya yi ta amai kwanakin baya. Likita ya ce ƙuna ce, amma mara lafiya ya ƙi yarda.

“Wallahi Malam, ban taɓa wuta ba,” in ji Illo. “Ni da wuta mun san juna tun ina yaro. Wagga ba ƙunar wuta ta ba.”

Na ga fuskarka ta sauya. Ka tambaye shi a hankali ko ya tsinci wani baƙon abu kwanan nan.

“Wani ɗan ƙarhe na, bai kai ƙwallon dabino ba, da 'yar wutsiya ta waya. Cikin tarkacen da nis saya ga leburorin defo yake. Yana ƙyalli, nis sa shi aljihu. Da nik koma gida nij jefa shi gwangwanin ƙusa, nan cikin zaure inda nika ƙira.”

A lokacin wani kamfanin ƙasar waje yana gina ma'ajiyar mai, wato defo, a bayan gari. Masu walda a irin wannan aiki sukan ɗauki hoton ɗinkin bututu don gano tsaga, kamar yadda ake ɗaukar hoton ƙashi, sai dai su da wani ɗan ƙarfe mai ƙarfin tururi suke yi, wanda mazauninsa tukunyar darma ce mai kauri. Ka koya mana wannan. Ban taɓa zaton zan ji an ce yana cikin gwangwani a tsakiyar unguwa ba.

“Wa ka kwana bayan bangon zauren?” ka tambaya.

“Mai ɗakina, Kulu. Tana da juna biyu.”

Ka dafa kafaɗarsa, muka fita. Ka aika wa kamfanin cewa su kawo tukunyarsu ta darma Runjin Sambo yanzu-yanzu, mu kuma muka shiga motarka.

Tun daga bakin lungu na'urar da ke hannuna ta soma ƙas, ƙas, ƙas. Muna ƙara matsawa ƙarar tana haɗewa. Ga yara suna wasa a ƙofar zauren, ga mai tallan fura ta ajiye ƙwaryarta a inuwar bangon, ga tsofaffi a kan tabarma. Rana ta take, kowa yana neman inuwa, kuma inuwar da ta fi kyau a lungun ita ce ta wannan bango. Na so in yi ihu. Ka riƙe hannuna ka ce idan na firgita su, rabinsu zauren za su ruga su ga mene ne.

Wurin liman da mai unguwa ka fara zuwa. Sun san mahaifinka, wannan ya taimaka. Ka gaya musu akwai guba a zauren Illo wadda ke ratsa bango, ba aljani ba ne, ba sammu ba ne, kuma nisa ne maganinta. Ka roƙi a fitar da mutanen gidajen da ke kewaye zuwa filin makaranta har a ɗauke ta. Fitar da matan aure tsakar rana ba ƙaramin abu ba ne, wasu magidanta suka murtuke fuska. Liman ya miƙe ya ce shi zai fara fitar da iyalinsa. Sadiyatu ta shiga gida-gida da na'ura a ƙarƙashin mayafinta, ta fito da mata da yara ta ƙofofin baya. Ita ta riƙo hannun Kulu, ta bi da ita ta gidan maƙwabta don kada ta ratsa zauren.

Ana cikin haka motar soja ta tsaya a bakin lungu. Manjo Tukur ya sauko, hafsan da aka ɗora wa kula da aikin ma'ajiyar, da sojoji a bayansa da wani Bature na kamfanin da gumi ya jiƙe wa riga. A nan muka gane cewa kamfanin ya san ƙarfen ya ɓata tun kwanaki, yana ta nemansa a ɓoye cikin filin aikinsa, bai gaya wa kowa ba. Bikin buɗe ma'ajiyar ya matso, manyan baƙi za su zo daga Legas.

“Dokta, wa ya ba ka izinin tashin unguwa?” in ji Manjo. “Kowa ya koma gidansa. Zan sa soja ɗaya ya shiga ya ɗauko abin nan, a kai shi gulbi a jefa, magana ta ƙare. Ba na son wannan zance ya kai gidan rediyo.”

Ya juya ya nuna wani kurtu. Kurtun ya ƙame, ya ajiye bindigarsa, ya soma naɗe hannun riga.

Na jira ka yi magana. Kai ne babba, kai ne mai digiri, kai ka san yadda ake magana da manya. Sai ka juyo ka dube ni.

“Abdulwahabu, kai ad da awo. Hwaɗa mai abin da kag gani.”

Malam, a wannan lokaci na ji haushinka. Ga bindigogi, ga mutanen unguwa sun yi cirko-cirko daga nesa. A zamanin nan kowa ya san abin da ke samun farar hular da ya musa wa mai kaki a bainar jama'a. Amma muryar da ka sa muka yi ta gwadawa a aji ita ta fito da kanta. Na ce, ranka ya daɗe, na auna. Wanda ya ɗauki abin nan da hannu zai rasa hannun. Idan aka jefa shi gulbi, masunta ko masu ɗibar yashi za su tsince shi wata rana. Ba wanda zai shiga zauren nan sai yadda muka tsara, kuma ba wanda zai koma gida sai na'ura ta yi shiru.

Manjo ya matso har ina jin numfashinsa. Ya tambaye ni ko na san gadirum, kurkukun soja. Na ce na ji labarinsa. Ya ce yau zan gan shi.

Sannan ne ka sa baki. Ba ka ɗaga murya ba. Ka karɓi na'urar daga hannuna ka miƙa masa, ka ce tunda bai yarda da yaro ba, ya auna da kansa, ya taka zuwa ƙofar zauren, amma idan allurar ta kai jan layi ka roƙe shi don Allah ya tsaya. Ya fizge ta, ya kama hanya. Lungun ya yi tsit, ba a jin komai sai ƙarar na'urar tana ƙaruwa da kowane taku, har ta zama kuka ɗaya marar yankewa. Bai kai ƙofar ba ya tsaya. Ya daɗe a tsaye yana kallon ƙofar da ba komai a cikinta sai duhu da zugazugi a rataye. Ya dawo da baya-baya. Bai dube mu ba, ya ce wa kurtun ya ɗauki bindigarsa, ya umarci sojojinsa su tare bakin lungu kada kowa ya shiga.

Saura ɗauko ƙarfen. Kayan kamfanin na kama irin wannan abu suna can wani gari. Ka sa aka aro awartaki mafi tsawo daga wani maƙeri, muka ɗaure ƙafafunsa a jikin gora biyu dogaye. A bayan masallaci muka yi ta gwadawa da tsakuwa, ɗauka, juyawa, sakawa a tukunya, har hannu ya saba. Ka tsara cewa ba wanda zai yi aikin shi kaɗai: kowa zai shiga na ɗan lokaci, Sadiyatu na riƙe da agogo, da zarar ta buga faranti, ko me kake ciki ka saki ka fito. Baturen ya ja tukunyar darmar da suka kawo zuwa bakin ƙofa. Ni na shiga na tunkuɗe gwangwanin da gora, ƙusoshi suka watse a ƙasa, na hango shi yana ƙyalli a cikinsu, faranti ya yi ƙara na fito. Kai ka ɗauki zagaye mafi haɗari, wato na kamo ƙarfen.

Muna hangen bayanka daga nesa. Ka miƙa gorar, ka kama shi ta wutsiya, ka ɗaga, ka soma juyowa. Saura kaɗan ya kai bakin tukunya ya suɓuce. Ya faɗi, ya gangaro ya tsaya kusa da ƙafarka. Wata mata ta yi salati. Sunkuyawa ɗaya ya isa ka ɗauke shi da yatsa biyu ka jefa a tukunya, kuma na ga kafaɗarka ta motsa kamar za ka yi haka. Sai faranti ya yi ƙara.

Ka ja da baya, ka jingine gorar a bango, ka fito. Ka zo gabana, fuskarka sharkaf da gumi, ka ce, “Lokacina ya ƙare. Yana dab da dokin ƙohwa, hannun hagu. Tahi, kada ka yi sauri.”

Ban san yadda na isa ƙofar ba. Na tuna nauyin gorar, da gumin da ke shiga idona, da yadda bakin awartakin ya kuskure shi sau ɗaya ya kama ƙusa. Na sake. Na ji ya kamu. Na ɗaga shi a hankali na sake shi cikin ramin tukunya, Baturen ya rugo ya rufe murfin. Na'urar da ta wuni tana kuka a hannun Sadiyatu ta koma ƙas ɗaya, can kuma wani ƙas. Sai kabbara ta tashi daga filin makaranta.

Da na waiwayo na same ka zaune a ƙasa, ka jingina da bangon masallaci. Daga baya ka gaya mini cewa a duk rayuwarka ba ka taɓa yin abin da ya yi maka wuya kamar fitowa daga zauren nan ka tura ɗan wani ba. Ka ce da ka sunkuya, da mutanen unguwa sun yi ta yabonka, mu kuma da mun koyi cewa ƙa'ida ta aji ce kawai, kuma wata rana a tashar gaske ɗayanmu zai sunkuya.

Abin bai ƙare a nan ba. Ka hana kamfanin ci gaba da ɗaukar hoton walda sai sun gyara yadda suke ajiye kayansu, aka ɗage bikin buɗewa. Mako bai zagayo ba aka zo har aji aka tafi da kai bariki, wai ka tayar da hankalin jama'a. Ni aka yi wa alkawarin gadirum, amma ka ce musu kai ka ba ni umarni, a bar ni. Ka yi kwanaki a can kafin dattawan gari su sa baki. Ranar da ka fito ka wuce gida ka yi wanka, ka dawo ka ci gaba da darasi daga inda muka tsaya. Ban taɓa jin ka zagi Manjo Tukur ba. Ka ce mutumin da ya iya tsayawa da ya ji na'ura, ana iya aiki da shi.

Illo ya rasa yatsu biyu, cinyarsa ta daɗe ba ta warke ba. Kana zuwa duba shi duk Juma'a bayan masallaci. Da dangin Kulu suka tambaye ka ko abin da ke cikinta zai zo lafiya, ba ka yi musu daɗin baki ba. Ka ce ba ka sani ba, bango ya tare mata da yawa, sauran kuma sai addu'a da zuwa awo. Ta haifi ɗiya mace da kaka, kuma har yau lafiyarta ƙalau. Kai kake tuna musu ranar kai ta asibiti. Ranar jana'izarka na ga Illo a cikin masu ɗaukar makara, ya ƙi sakin gefensa ga kowa har bakin kabari.

Tashar da ka shirya mu dominta har yanzu tana bakin manya, ba mu san ko za mu gan ta da idonmu ba. Karatun ma bai ƙare ba, rabi muka yi. Bayan addu'ar uku mun zauna mu ɗalibanka, muka yi shawara ba za mu watse ba. Sadiyatu za ta riƙe lissafi, ni zan riƙe fita awo, har a turo wanda zai gaje ka. Ranar Litinin zan buɗe ɗakin, kuma ban san yadda zan tsaya a gaban allo in juya in ga kujerarka ba kowa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka, wadda ka baro ƙasar Turai don ka zauna kusa da ita, ga shi ita ce ta yi maka addu'ar bankwana. Allah Ya ɗaure zuciyarta. Ina yi wa mai ɗakinka Malama Dijatu ta'aziyya, da 'ya'yanka Ƙasimu da Zulaihatu, da 'yan'uwanka, da mutanen Runjin Sambo da suka cika gidan makoki ba tare da an aika musu ba. Ƙasimu, Zulaihatu, idan kun girma za ku ji labarai iri-iri game da mahaifinku. Ku zo ku tambaye mu, muna nan.

Ya Allah, bawanKa Junaidu ya zo gare Ka. Ya tsare bayinKa daga cutar da ba su gani ba, Ka tsare shi daga abin da ke gabansa wanda mu ba mu gani. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sanyaya masa shi, Ka sa ilimin da ya bari ya riƙa isa gare shi. Ka rene masa marayunsa. Mu kuma da muka rage, idan tamu ta zo, Ka sa ta same mu a kan gaskiya. Amin.

Abdulwahabu Lawwali
Sakkwato